Lahadin Matar Tela

Da aka ce za a haɗe cocinmu na Yelwa da na 'yan ƙabilar Gude da ke bayan layinmu, dattawa suka yi ta zama har gindinsu ya yi kanta. Dalilin haɗewar ba ɓoyayye ba ne: tun bayan gudun hijirar da aka yi lokacin rikici, ba kowa ne ya dawo Mubi ba. Mu 'yan dutsen Michika muna da rufi mai kyau ba mutane, su kuma suna da fasto amma damina na shiga musu har kan bagadi. Dattawa suka daidaita komai, suna, benci, har tsohon wilin motar da ake bugawa a madadin ƙararrawa. Abu ɗaya suka manta, da yake dukansu maza ne: tulu.

Tulun zumuntar mata nake nufi, wanda ake buga bakinsa da soso idan mata sun tashi waƙa. Mahaifiyata ce ke buga namu tun kafin a haife ni. Ba ta iya karatu ba, muryarta kuwa Allah ya kyauta, amma idan ta rungumi tulun nan, duk coci ita yake bi. A can ma suna da tasu, wata gajeriyar mata mai faɗin kafaɗa da kowa ke kira Matar Tela.

Ranar Lahadin farko kowacce ta shigo da tulunta a ka, suka zauna suna hararar juna cikin ƙaunar Ubangiji. Aka ɗauko waƙa. Mama tana bugawa a hankali yadda muka saba, Matar Tela kuwa sauri take kamar ta bar miya a wuta. Kai, jama'a! Rabin mata sun kai amshi, rabi suna baiti na farko. Fasto ya rufe ido, ni dai na san ba addu'a yake yi ba.

Dattawa suka sake zama, suka yanke hukunci: Lahadi ɗaya ta Mama, ɗaya ta Matar Tela. Mama ta dawo gida tana huci.

"Wannan kiɗa ne ko korar awaki?" in ji ta. "Allah ma sai ya ce a dakata ya ji abin da ake faɗa."

Daga nan duk Lahadin da ba tata ba, sai ta zauna a bencin gaba tana tafi da nata lokacin, da gangan, da ƙarfi. Matar Tela ma ta rama da tari. Idan an tashi, a bakin ƙofa su gaisa.

"Sannu da ƙoƙari, Maman yara. Hannun ne ya yi nauyi yau?" in ji Matar Tela.

"Lafiya lau, 'yar'uwa. Ke dai a rage gudu, Sama ba ta tashi."

Ni kunya ta ishe ni, har na koma zama a baya.

Ana haka hawan jini ya kayar da Matar Tela a kasuwa. Ta tashi, amma hannun dama bai tashi da ita ba. Ba ɓoye-ɓoye, na ce a raina to, Mama ta samu abin da take so, kowace Lahadi ta zama tata.

Lahadin da ta zo ta Matar Tela ce. Aka kawo ta a keke napep, aka zaunar da ita a gaba, hannun yana kwance a cinya. Mama ta jawo tulu, ta tsuke baki, ta fara. Sai na ji gudu. Korar awakin nan dai, sak. Zufa na zuba, fuskarta a murtuke kamar an ba ta magani mai ɗaci. Matar Tela tana bin ta da ƙafar hagu, hawaye na sauka, amma da aka tashi sai da ta ce, da bakinta da ya karkace, "Kin yi sanyi a amshi."

Bara muka binne Matar Tela. Har yau, Lahadi ɗaya a hankali, ɗaya a guje, kuma duk ranar gudu Mama tana mita tun daga coci har gida, kafaɗa na mata ciwo. Kwanan baya na ce, "Mama, mai kiɗan ba ta nan. Ki buga naki mana."

Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Yau Lahadinta ce," ta ce. Ta juya tana neman man zafi, ta daɗe ba ta juyo ba.