Zare Arba'in, Kwali Ɗaya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji shida na tsaya da karatu, daga nan sai tsinkar tumatir tare da iyayena, kuma ko a coci ba na iya ɗaga murya. Amma ranar Asabar an yi walimar sallamar Malama Marjolaine Tessier da ta yi ritaya, aka ci kek, aka tafa, ba wanda ya faɗi abin da ya kamata a faɗa. To bari in faɗa.

Shekara goma sha tara ke nan, ƙarfe bakwai na safe take buɗe rumbun rabon abinci na unguwarmu a garin Leamington. Ta ɗora kofi, ta zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke gefen firji. Ita ta rubuta manhajar da ke gaya mana abin da za a zuba a kwalin kowane gida. Direbanmu, Gord, ya ce shekarar da ruwa ya cika ɗakin, sai da ta fito da kwamfutar a ka, sannan ta koma neman takalminta.

Ni shirya kwalaye nake yi. Wata rana ta kama ni ina leƙen abin da take yi.

"Aganetha, wuyanki zai ƙage. Jawo kujera."

Wata takwas tana koya mini aikin manhajar, ba ta taɓa tambayar ajin da na tsaya ba.

Da kaka ta zo, aka samu sababbin gidaje arba'in na ma'aikatan gona. Ta ce in shigar da su da kaina. A manhajar akwai kwalin misali: shinkafa, wake, madara, da kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa. Na saka shi cikin jeri sau arba'in, na ga layuka reras, raina fes.

A gida na bakwai akwai Itzel, 'yar shekara huɗu, wadda ko lasar gyaɗa ta yi sai maƙogwaronta ya kumbura har numfashi ya gagara. Na cire gyaɗa daga nasu. Can sai na lura gida na talatin ba gyaɗa. Na ɗauka mantuwa ce, na mayar musu. Na buga takardu, aka cika kwalaye, Gord ya fara lodi.

Malama tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya: in aka taɓa abu ɗaya a jeri, sai ta bi sauran ta duba. Gaida maƙwabta take kiransa.

"Kin taɓa talatin. Kin gaida maƙwabta?"

Ta buɗe na bakwai. Ga gyaɗa ta dawo.

"Gord, sauke kwalayen nan."

"Haba Marjo, mota na kunne."

"Bar ta ta jira, ta fi ka haƙuri."

Na tabbata ranar korata ce. Sai ta ɗauko kwali guda, ta ɗaure masa zare uku, ta ba ni ɗaya, ta ba Gord ɗaya, ta riƙe ɗaya.

"Ja naki."

Na ja. Kwalin ya taho, zaren Gord ya biyo shi.

"Kin gani? Ba kwalaye arba'in ne a jerinki ba. Zare arba'in ne ɗaure da kwali ɗaya. Kika cire wa ɗaya, kin cire wa kowa. Kika mayar wa ɗaya, kin mayar wa Itzel. In kina son kowa da nasa, kwafi za ki yi, har da abin da ke ciki, ba fatar kwalin kaɗai ba."

"Ni dai an mayar da ni ɗan makaranta da furfurata," in ji Gord.

Ba ta karɓe kujerar ba. Ta tsaya a bayana har na gyara da hannuna, na cire gyaɗar na bakwai, na duba saura ɗaya bayan ɗaya. Kowa da nasa. Kwalin Itzel ya tafi ba gyaɗa. Bana ta shiga makaranta, kuma uwarta ba ta san komai ba sai in ta karanta wannan.

Malama, ke ce mai gaida maƙwabta. Ke ce kika tsare ran yarinyar da ba ki taɓa gani ba, kika kuma tsare mutuncin wadda ta yi kuskuren. A walima ba ki ambaci ko ɗaya ba, kek kawai kika yaba. Na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sassauta miki ciwon gwiwa.

Ku kuma da kuka iya wani abu, in kun ga mai leƙe, ku ce ta jawo kujera. In ta yi kuskure, ku nuna mata zaren, ku bar ta ta kwance da kanta.

Ranar Lahadi na gama rubutun nan. Washegari ƙarfe bakwai na buɗe rumbun da makullin da ta bar mini. Na ɗora kofi, na ƙara wa gida na sha biyu madara. Gord ya leƙo.

"Malama Aganetha, a yi lodi?"

"Tukuna," na ce, da muryar da ya ji daga bakin ƙofa. "Ban gama gaida maƙwabta ba."