Alkasim da Dogon Barewa

Alkasim ɗan mafarauta ne daga Birnin Gwari. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, amma jinin gado bai bar shi ya zauna a ofis ba. Ya kama aiki a dajin wani attajiri mai shinge a bayan gari, yana kula da garken barewar da Malayawa ke kira rusa, inda masu izini kan zo farauta. Shi ke nuna wadda za a harba da wadda za a bari.

A garken akwai wani namiji mai ƙaho rassa-rassa, ya sa masa suna Dogo. Ƙa'idar Alkasim ɗaya ce, tun daga kakansa: ba a taɓa babban namiji, don shi ke ba garke 'ya'ya masu ƙwari.

Da korona ta kulle gari, farauta ta tsaya, garke ya cika har ciyawa ta soma gazawa. Ana gab da Babbar Sallah maigidan ya ce ya zaɓi ɗaya kyauta. Kowa ya san ba a layya da barewa, amma raguna sun yi wuya a shekarar, nama kuwa nama ne.

Kuskurensa ɗaya, ya taɓa nuna wa matarsa Bilqis hoton Dogo. Ita kuwa Bakanuwa ce, da ƙaho take auna dabbar Sallah. Da ya gaya mata labarin kyautar a waya, kafin ya kai gida ta buga wa matan unguwarsu ta Cheras waya, kowacce ta shirya kwano.

Yana shiga ta ce, "Abban Imran, Dogo za ka kawo fa. Kuma da kansa, zan yi farfesu."

Alkasim yana tsoron fushinta, amma ya fi tsoron garke ba uba. Ranar yanka ya wuce Dogo, ya zaɓi wani mai karkataccen ƙaho da dama bai so ya yi barbara.

Da ya kawo naman gida, Bilqis ta ɗaga kan ta juya shi.

"Wannan ne Dogo? Ko korona ce ta kama shi?"

Ya yi mata bayani yana inda-inda. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo gatari ta sare ƙahon, ta tura ƙarƙashin kujera.

"In maƙwabta sun tambaya, ka ce ƙahon bai shiga tukunya ba. Dogo kuma a gaishe shi, ya ci gaba da aikinsa."