Naman Layyar da Na Ci a Ɓoye

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Gure, Kirista, matar dattijon ikkilisiya, kuma shugabar zumuntar mata. Daga ƙasar Maradi aiki ya kawo mu ni da maigidana. Majami'armu ƙarama ce, yawancinmu baƙi ne ma'aikata, yau a ɗauke wannan gobe a kawo wancan, don haka wanda ya daɗe shi ne babba, mu kuwa mun daɗe. In ana neman mace mai riƙon addini ni ake nunawa, in ba a nuna ni ba ni sai in nuna kaina. Ɗankwalina ba ya zamewa a wurin sujada, ba na makara, ayoyi kuwa suna bakina, musamman waɗanda suka shafi laifin wasu.

Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san yadda Babbar Salla take. Raguna a banƙare jikin itace kewaye da wuta, ƙofa bayan ƙofa, ƙamshi ya cika gari, washegari a shiga rabo. Maƙwabtanmu Musulmi ba su taɓa tsallake gidan Kirista ba. Ni kuwa sai na kafa doka a cikin mata cewa mai bi na gaske ba ya cin naman layya, na jingina da wani wuri a Littafinmu da ya yi zancen naman hadaya. Na san sarai akwai wani wurin da ya hana mu yanke wa juna hukunci a kan abinci. Ba wai ban taɓa karanta shi ba ne, in na zo kansa ne hannuna ke saurin juya shafi.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne ina son naman nan kamar raina. Akwai wata Hajiya maƙwabciyarmu, dattijuwa mai fara'a, wadda shekarar farko na mayar mata da rabona har ranta ya sosu. Daga baya na shiga wurinta na yi ƙasa da murya, na ce kada ta aiko mini ranar rabo, idon mutanenmu yana kaina, ta bari sai ta yi suya, bayan kwana biyu ta aiko a rufe. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai nata bayarwa ne, ko da rana ko da inuwa. Haka muka ɗore shekara da shekaru. Hujjojina kuwa ba su ƙarewa. Na ce wa kaina Salla ta wuce, wannan soye ne kawai. Na ce wuta ta taɓa shi sau biyu, na kuma yi addu'a a kansa. Na ce ƙin karɓa ɓata maƙwabtaka ne. Maigidana ma ya ci, ya suɗe hannu.

A majami'armu akwai wata mata da mijinta direba ne, ya rasu a hatsari kan hanyar Damagaram, ya bar ta da ƴaƴa ƙanana. Danginta suna can yamma da nisa, ba ta da kowa a Gure sai mu. Fanke take soyawa a tasha tana ciyar da su. Yaya take ce mini, kuma har zuciyarta take faɗi. Allah ya ba ta murya, in ta ɗauki waƙa har masu wucewa a titi sukan rage tafiya, ga ta da haƙuri da son ziyarar marasa lafiya. Sai na fara jin mata suna cewa in zaɓe ya zo ita ya kamata a ba shugabanci. Hassada ce ta kama ni, yau na iya kiranta da sunanta. A lokacin kishin gidan Allah nake ce mata.

Washegarin wata Salla na biya gidanta, na tarar da yaran sun kewaye faranti, haƙarƙarin rago a gabansu, baki duk maiƙo. Ta tarbe ni da murna, ta ce in sa hannu, Hajiya maƙwabciyata ce ta kawo, yaran sun daɗe rabonsu da nama. Na ce na ƙoshi, na yi sallama. Abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan shi ne a kan hanyar komawa gida farin ciki nake yi.

Da na ce zan kai ƙararta wurin fasto, maigidana ya tuna mini cewa koyarwarmu ita ce in ɗan'uwa ya yi laifi ka fara samunsa kai da shi. Na ce wannan don ƙananan saɓani ne, nata kuwa ɓata sunan ikkilisiya ne a idon gari. Fastonmu yaro ne sabon zuwa, ya ce shi a ganinsa wannan magana ce tsakanin mutum da lamirinsa. Na ce to, in ba za a hore ta ba ni zan ajiye shugabanci, a nemi mai tara mata. Ya ji tsoro, aka kira zaman dattawa, aka kira ta, ni ma ina zaune a matsayin uwar mata. Aka tambaye ta ko ta ci, ta ce ta ci. Aka ce ko tana da abin faɗi. Ta ɗago ta dube ni, kallo mai tsawo, sannan ta ce babu. Aka sa ta a horo: ta koma bencin baya, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da masu bi ke ci tare, sai ta tuba a gaban jama'a. A cikin makon nan kwanona ya iso daga gidan Hajiya, muka ci shi da shinkafa.

Ta yi ta zuwa tana zama a baya, ita kaɗai, Lahadi bayan Lahadi. Mata suka janye jiki don gudun bakina. Yaranmu suka sa wa nata suna, masu cin layya, har babban ya daina shiga ajin Lahadi. Sannan wata rana bencin ya zama wayam. Na ce wa mata ai ga shi nan, dama can zuciyarta ba ta tare da mu. Muka ji ta kwashe yara ta koma Gidigir, wurin wata da suka saba a tasha. Zaɓe ya zo, aka sake zaɓena, na yi godiya ga Allah da babbar murya.

Shekaru suka shuɗe, aka tura ni gadin jarrabawa a Gidigir. Ranar kasuwa na hango ta bakin kasko. Na so in kauce, amma ta riga ta gan ni. Ta taso da fara'a tana kiran Yaya, ta ba ni kujerarta, ta zuba mini fanke, ta tambayi kowa da kowa. Na tambaye ta sujada fa. Ta ce tun da ta bar Gure ba ta sake taka majami'a ba, takan yi addu'arta a ɗaki, babban ɗanta kuwa ya ce shi da mutanen da suka kori uwarsa saboda haƙarƙari sai a lahira. Kun san abin da na yi? Wa'azi na fara mata a kan yafiya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaye ni lafiyar Hajiya, da ko har yanzu tana aiko mini nawa bayan Salla. Na tambaye ta a ina ta ji wannan. Ta ce ranar da Hajiya ta kai mata naman nan ta ƙi karɓa saboda dokata, sai Hajiya ta ce ta kwantar da hankalinta ta ba marayu su ci, ai Madam ɗinsu ma, wato ni, tana ci, nata sai an soya ake kai mata. Ta ce jin haka ne ya sa ta karɓa, don in Yaya tana ci to ba laifi ba ne. Na tambaye ta me ya hana ta faɗi a gaban dattawa. Ta ce ba ta so ta tona mini asiri, ta ɗauka ni da kaina zan yi magana. Ta ce duk Lahadin da ta zauna a bencin baya, jira take ta ga na miƙe.

Na durƙusa a cikin kasuwar nan na roƙe ta gafara, ta ɗaga ni, ta ce ta daɗe da yafewa. Da na koma Gure na miƙe a majami'a na faɗi komai. Amma yawancin waɗanda suka san ta an ɗauke su zuwa wasu garuruwa, sababbin ba su san wadda nake nufi ba. Aka ce Allah ya gafarta mana duka, aka wuce zuwa sanarwa. Na aika mata cewa an ɗage horon, ta dawo. Ta aiko da gaisuwa, ba ta zo ba.

Ban rubuto don in ce a ci naman layya ko kada a ci ba, wannan kowa ya yi da lamirinsa. Abin da na koya shi ne Littafin da na riƙe ya hana hassada, ya hana munafunci, ya ce a kula da gwauraye da marayu, duk na tsallake su na ɗauki aya guda da za ta doki wata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƴan'uwana masu bi, mata da maza, in kun ga wata aya ta yi muku daɗi a baki saboda ta dace da wuyan wani, ku tsaya ku tambayi kanku abin da kuke nema. Kuma in kun san gaskiya tana hannunku, ku faɗe ta tun mai jiranta yana nan. Ni an yafe mini, har yau a gaba nake zama. Ita da ƴaƴanta ba su dawo ba.