Carbin Mai Tsire a Girka

Ina shekara ta uku a jami'a Kawu ya tafi da ni ƙasar Girka. Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin riɗi a Babura, kuma masu sayen riɗinsa ne suka gayyace shi. Ba ya jin Turanci, ni kuma a gidanmu na Kazaure an san ni da littafi, sai aka ce in bi shi in yi masa tafinta. Kafin mu tashi na cika shafi huɗu da abin da na karanta game da ƙasar. A ciki na rubuta cewa yawancin naman da ake gasawa a titi na alade ne, har na ja layi a ƙasa. Ban nuna wa Kawu ba. Tun ina yaro ban taɓa fara masa magana ba, sai in ya tambaye ni.

Kwana biyu muna shayi da burodi a masauki. Rana ta uku bayan azahar Kawu ya ce ya gaji da abincin marasa lafiya, muka fita. A wata kwana ƙamshi ya tare mu. Nama ne a tsinke bisa garwashi, kamar tsiren bakin tasha, ƙuli ne kawai babu. Mai naman dattijo ne da furfura a gemu, ga carbi a hannunsa.

"Alhamdu lillahi, ga ɗan'uwa," in ji Kawu. Ya yi masa sallama, mutumin ya yi murmushi. Kawu ya ɗaga yatsu biyu.

Ni carbin nake kallo. Ba ja yake yi ba, wulwula shi yake yana naɗewa a yatsa, bakinsa ba ya motsi. Da ya ajiye shi don ya ɗauko naman na ƙirga 'ya'yan, ba su kai talatin da uku ba. Na taɓa karanta cewa mazan ƙasar suna riƙe irinsa ne don ɗebe kewa, ba don zikiri ba.

Tsinke ya riga ya shiga hannun Kawu, har ya yi bisimilla. Na ce "Kawu", a hankali, bai ji ba. Sai na riƙe masa hannun riga.

"Kai, lafiya? Ga naka nan ai."

"Ku bari in tambaya tukuna."

"Tambayar me? Ba ka ga carbi ba? Ko bokon ya ci maka ido?"

Na tambayi dattijon da Turanci naman mene ne. Ya ce alade, hankalinsa kwance. Da ya gane damuwarmu ya nuna na kaza, amma a wayar gashi ɗaya suke, man wannan yana gangarawa cikin wancan, kuma bai san wanda ya yanka kazar ba.

Na faɗa wa Kawu. Ya ajiye tsinken a hankali, ya tsaya da yatsu a ware yana salati. Dattijon ya kawo ruwa da sabulu, ya zuba masa da kansa.

Sai da muka yi nisa Kawu ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun a gida."

"Kuma ka bar ni har na yi wa alade bisimilla?"

Na sunkuyar da kai.

"To wuce gaba, malam. Ko ruwa zan sha a garin nan, kai za ka fara magana."

Na wuce gaba. A titi na biyu muka sami mai gasa masara, na tambaye shi ko yana ɗora nama a wayar, ya ce a'a, muka saya.