Otal Ɗin Ya Ce Bai San Kawu Ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya tsufa ne a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene inda babu taga, sai tururi da rugugin injuna. Ya shiga yana saurayi, ya yi furfura yana goge zannuwan gadon mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. A gida mukan tsokane shi cewa ko goshin mutum ya ga ya yamutse, sai ya ji kamar ya ɗora masa dutsen guga.

Wata rana bututun tururi ya fashe, ya ƙone masa hannun dama tun daga yatsu har gwiwa. Ya daɗe yana jinya. Ranar da ya koma, sanye da rigar aikinsa, mai gadin ƙofa ya tare shi. Mutumin da suke cin abincin rana tare ne, amma ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce umarni aka ba shi, kuma an riga an ɗauki wani.

Ni na riƙa raka shi, don na ɗan fi shi baki a ofis. Muka fara da ƙungiyar ma'aikata. Sakataren ya saurare mu tsaf, sannan ya ce a idon doka Kawu ba ma'aikacin otal ba ne. Wai wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya kawo shi, kamfanin kuma ya daɗe da rufewa. Kawu ya sunkuya ya dubi tambarin otal ɗin da ke ƙirjin rigarsa.

Lauyan farko da muka je wurinsa ya ba mu kujera da ruwan sanyi. Da jin sunan otal ɗin sai ya ajiye alƙalami, ya ce ai su ne lauyoyin wurin. Na biyu ya ce mu dawo. Muka yi ta dawowa har sakatariyarsa ta daina ɗaga kai in mun yi sallama.

Wata maƙwabciya ce ta nuna mana ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ɗaki ɗaya ne, fankarsa ba ta juyawa, mutane a tsaye har baranda. Lauyar ta sa Kawu ya naɗe hannun riga, ta daɗe tana duban tabon. Ta ce ta karɓi shari'ar, amma sai an samu mutum ɗaya daga ɗakin wankin da zai tsaya gaban alƙali ya ce shugabannin otal ne ke ba Kawu umarni, kuma an sha yi musu ƙorafin bututun.

Muka bi gidajen abokan aikinsa. Kowa ya karɓe mu hannu bibbiyu, kowa ya jajanta, kowa ya sauya zance. Wanda suka fi shaƙuwa ya rako mu har bakin titi, sannan ya ce a hankali, "Yaya, ka san yawan yaran da ke gabana."

Kawu ya ce ya sani, ya gaishe masa da su.

Haka aka shigar da ƙarar ba shaida. Yau lauyan otal ba shi da lafiya, gobe alƙali ya yi tafiya. Ana cikin haka aka mayar da lauyarmu wani gari. Ta kira ta ba Kawu haƙuri, shi kuma ya yi ta yi mata godiya kamar an ci shari'ar. Wanda ya gaje ta mutumin kirki ne, sai dai duk zuwa sai ya tambayi Kawu wane otal ne ma.

Hannun bai warke yadda zai riƙe abu mai nauyi ba. Matarsa ce ke fita neman abin da za a ci, shi yana gida da jikoki.

Ranar zaman kotun da ya wuce na je ɗaukarsa, na same shi zaune a tsakar gida, ko takalmi bai sa ba. Na ce lokaci na tafiya.

Ya ce, "'Yata, je ki kawai ki jiyo mana ranar da za su sake sawa."

Na tafi ni kaɗai. An ɗage zaman.