Takalman Lahadin Kaka

Jiya ina shara na ci karo da takalman kakata, har yanzu suna warin man kaɗanya. Duk Lahadi takan ƙulle su a gefen zani, ta taka daga Ƙofar Kibo har coci a Wusasa ƙafa tsirara don kada su lalace. Sai a bakin ƙofar cocin take sa su.

Wata rana na ga fason dugaduganta yana jini. Na ce, "Kaka, ki huta mana."

Ta ce, "Hutun yana gaba, maigidana. Yesu ya ajiye mini."

Na yi alkawarin zan riƙa kai ta idan na sayi babur. Ban samu saye ba sai bayan mun binne ta. Ubangiji ya sa ƙafafun nan sun huta.