Alwala Cikin Kwanon Sarki

Shekaru sun ja, amma har yau ban manta ranar da na fara jan leburori zuwa kan tsauni ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aikin safiyo, wato awon ƙasa. Na jima ina jan sarƙar awo kafin a ba ni helma na gwaji, shugaban leburori ke nan. Malam Bello, safiyon da ya gaji Baturen da ke kanmu, ya gaya mini tun a Tambuwal cewa wannan tafiyar ce za ta raba gardama: ko a tabbatar da ni, ko in koma jan sarƙa. Ni kuwa na riga na baza wa dangin matata cewa na zama helma.

Aikin shi ne mu kafa turken siminti a ƙolin wani tsauni can cikin daji bayan Kebbe. A kan irin turken nan ake ɗora na'urar hange, kuma doka ta ce tsayinsa ƙafa uku, babu ragi. Ana haƙa rami da yamma, a kwana a wurin, a zuba siminti da sanyin asuba don kada rana ta tsaga shi. Takardar kayan da aka ba ni tun ta zamanin Bature ce: siminti, yashi, kwanon sarki na kwaɓi, da garwar ruwa huɗu. Uku na siminti, ɗaya ta sha da girki.

Mu shida muka bar rijiyar ƙarshe da sassafe, cikin bazara, kowa da kaya a ka. Hawan nan har da rarrafe. Ba mu kai ƙoli ba sai bayan azahar, mun yi laushi tiɓis. Muna sauke kaya, Baba Manu ya zaro butarsa ya cika a garwar siminti. Dattijo ne, ya girmi mahaifina, kuma shi ya koya mini riƙon sarƙa, don haka bakina ya yi nauyi. Sauran suka bi sahu. Alwalar wanda ya hau tsauni a bazara kuwa kaɗan ya rage ta zama wanka. Gaskiya ni ma na yi, na kuma ji daɗinta.

Bayan la'asar na leƙa garewani. Ɗaya ta siminti ta tafi, ga salla uku a gaba. Da magariba ta yi na je na zauna daram a kan garwa, na ce daga yanzu kowa ya yi taimama.

Baba Manu ya tsaya a kaina da butarsa. Ya ce, "Helma, taimama sai in babu ruwa. Abin ga da kaka zamne bisa, rairai na?"

Na ce ruwan gwamnati ne.

Ya ce, "To ai gwamnatin yanzu tamu ta, kuma tana salla."

Leburori suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Na tashi daga kan garwa raina a ɓace, ya cika butarsa ya fara alwala. Ina kallo ruwa na bin gwiwar hannunsa yana zuba ƙasa, kowane ɗigo kamar daga jikina. Ban san lokacin da na jawo kwanon sarki na tura ƙarƙashinsa ba. Ya dakata, ya dubi kwanon, ya yi nazari kamar alƙali, sannan ya ce babu laifi, in dai za a zubar da na kurkurar baki a gefe. Haka muka riƙa yin layi a kowace salla har ta asuba, kowa ya tsuguna ya yi alwala cikin kwano, ni kuma ina juyewa a garwa.

Duk da haka ruwan bai isa ba. Turke ya tsaya a ƙafa biyu da ɗan wani abu. Da hantsi Malam Bello ya hauro yana haki, ya auna sau biyu, ya dube ni. Na so in ɗora wa garwa laifin yoyo, amma Baba Manu na tsaye, sai na faɗi gaskiya.

Ya ce, "Kai fa, azahar da la'asar, taimama ka yi?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe.

Ya karɓi takardar kaya ya karanta har ƙasa, ya ɗauki fensir ya ƙara layi guda: garwa ɗaya ta alwala. Sannan ya ce an tabbatar da ni, amma helma ba ya barin turke guntu. Ya miƙo mini garwa babu kowa ciki, ya nuna mini hanyar rijiya.

A wannan hawan na biyu, ni kaɗai da ruwa a ka, na fahimci cewa takardar ofis ta san abin da siminti ke sha, amma sanin bukatar mutane aikin helma ne. Ina isa ƙoli, na tarar da Baba Manu yana jirana da butarsa a hannu.